Azarar da Na Bar wa Ruwa

Har yau, in an zauna hirar tashin garuruwa na lokacin dam ɗin Kainji, sai an sami wani a danginmu da zai kalle ni ta wutsiyar ido ya ce ai akwai waɗanda suka yi wa kifi kyautar gado. Ni ake nufi. Na bar wa ruwa azarar gidan mahaifinmu, kuma da hankalina na bar ta, ba mantuwa ba ce. Tun da jikoki sun fara jin labarin daga bakin waɗanda ba a yi abin a gabansu ba, gara in rubuta nawa kafin a gama shafa mini kashin kaji.

Gidan yana bakin kogin Kwara, kudu da Yelwa, in ka ratse daga hanyar Wara ka gangara. Baba ne ya gina shi. Da can kuku ne na wani Bature mai ciwon fatsa, irin mutanen nan da za su bar ofis da albashi su zo su wuni a rana da sanda da zare da ƙugiya ɗaya, suna jiran kifi ya ga dama. Shi ya riƙa jan Baba zuwa wannan gaɓa, domin akwai wani gurbi mai zurfi a bayan duwatsu inda giwan ruwa ke taruwa. Da Baturen ya koma ƙasarsu, abokansa ba su daina zuwa ba, kuma ba su da wurin kwana. Baba ya lura, ya ajiye aikin kuku, ya kafa bukkoki biyu. Haka masaukin ya fara, tun ban iya ɗaura zane ba.

Bukkoki ba su ishe shi ba. Soro yake so, dogo, mai ɗakuna a jere suna fuskantar ruwa, irin wanda ba a saba gani ba a ƙauyen masunta. Soro kuwa sai da azara, kuma Baba ba ya yarda da kowace azara sai ta giginya namiji, baƙa, mai nauyi, wadda gara ke lasa ta haƙura. Shekaru ya yi yana tara ta. Ya ji labarin an kayar da giginya a wajen Shanga, ya bi. Ya ji a Ngaski, ya bi. A jirgi ake kawo masa, guda biyu yau, guda uku baɗi, yana jibgewa a ƙarƙashin tsamiya, mutane suna cewa kuku ya zama mai tara itace. Ran da aka rufe soron na ga Baba ya kwanta rigingine a tsakar ɗaki yana kallon sama, Inna tana kiransa cin abinci bai ko motsa ba.

Mu kogin sau biyu yake cika mana a shekara. Akwai farin ruwa na damina, mai laka da ciyayi, wanda ba ya yi wa mai fatsa amfani. Sannan akwai baƙin ruwa, wanda ke isowa da sanyi daga ƙasashe masu nisa, garau, kana ganin yashi a gindin jirgi. Da baƙin ruwa baƙinmu ke zuwa. Kafin su zo kuwa dole a yi daɓe. Wannan ita ce dokar Inna, kuma ba a taɓa tsallake shekara ba. A kankare tsohon daɓen da ya farfashe, a zuba sabuwar tsakuwa, a jiƙa makuba, wato ɓawon 'ya'yan ɗorawa, tun da kwanaki har ta yi ja, sannan a gayyato matan ƙauye da na tsibirin da ke tsallake, kowace da madaɓinta. Su durƙusa a jere suna bugawa suna waƙa, suna zagin mazansu a cikin waƙar, ana yayyafa ruwan makuba, har ƙasa ta yi santsi tana ƙyalli. Turawa sukan cire takalmi su taka don daɗi. Inna kan ce mai fatsa ba kifi yake biya ba, don kifin na Allah ne, wurin miƙe ƙafa yake biya.

Dokar Baba kuma biyu ce. Duk abin da baƙo ya kama, tukunyar gida ake sa shi, kowa ya ci, wanda ya kama da wanda ya wuni yana wanke wa tsutsa jiki. Ta biyu, ba a tambayar baƙo ranar tafiyarsa. Baƙo raɓa ne, in ji shi, rana ce ke tashinsa, ba mai gida ba.

Masu tuƙa baƙi zuwa gurbin Gungawa ne, mutanen tsibiri, manoman albasa waɗanda suka san kogin kamar tsakar gidansu. Babbansu wani dattijo ne siriri, abokin Baba tun suna samari, ni Kawu nake ce masa ko da yake ba mu haɗa jini ko addini ba. Suna cin tuwo da miyar kifi tare da kowa, amma in dare ya yi a rumfa suke kwana, a waje. Ba wanda ya kafa wannan doka da baki. Haka aka taso aka gani, ni ma ban taɓa tambaya ba.

Da aka sami mulkin kai Turawa suka yi ta raguwa, wasu suka sayar da sandunansu, wasu suka bar wa akawunsu kyauta. Mutane suka ce masaukin kuku ya mutu. Ina! Sai ga namu sun fara zuwa, malaman makaranta daga Sakkwato, akawuna daga Kaduna, wani likita, wani ma'aikacin jirgin ƙasa mutumin kudu da ke zuwa da barkononsa a kwalba don bai yarda da yajinmu ba. Na ga mutum ya shiga jirgi da babbar riga da hula zanna zai yi fatsa. Na ga wani alƙali, kifin tsage ya tsinke masa zare, ya miƙe tsaye a cikin jirgi yana yi wa kifi wa'azi, Kawu yana roƙonsa ya zauna kada su kife. Sarkawa masu taru suna wucewa suna dariya, suna cewa boko ya koya wa mutane wahalar da kai. Su dai baƙin suna komawa da baƙar fuska saboda rana da labarin ƙaton da ya kuɓuce, shekara ta zagayo su dawo.

A cikin waɗannan shekarun mijina ya rasu a Yelwa, na gama takaba na dawo gida. Inna ta riga ta rasu, ƙafafun Baba sun fara kumbura, yayana kuma tuni ya koma cinikin busasshen kifi, ba ya son zaman jiran baƙi. Sai gidan ya faɗo hannuna. Ni ke cefane, ni ke raba ɗakuna, ni ke faɗa da masu tuƙi in sun makara, ni ke kiran daɓe. An yi ta maganganu, wai mace ba miji tana saukar da maza. Na ce duk wadda ta damu ta aiko mijinta ya riƙe mini, ni in huta. Ba wadda ta aiko. Wani malamin makaranta cikin baƙin ne ya koya mini karatun boko a rumfa, da shi nake wannan rubutu.

Maganar dam ta daɗe tana yawo kafin mu gaskata. An ce za a tare Kwara a Kainji, ruwa ya komo baya ya shanye tsibirai da gaɓa har Yelwa. Tsofaffi suka ce kogin da ya gagari kakanni ba siminti zai tare shi ba. Amma aka zo aka auna, aka fara gina sababbin garuruwa a kan tudu, gidajen siminti masu rufin kwano mai lanƙwasa, a jere kamar an zuba su da ludayi. Baba bai ga ƙarshen abin ba. Ya rasu ana saura shekara guda a tashe mu, kuma ban ɓoye ba, na gode wa Allah da Ya ɗauke shi kafin ya ga an sa gatari a soronsa.

Gidan da aka ba yayana a sabon gari bai ishe shi ba. Iyalinsa da yawa, ga ni ma a can za a ba ni ɗaki. Masauki kuwa ba a maye gurbinsa, don an ce gidan kwana ake gina wa mutane, ba gidan sana'a ba, kuma sabon garin ya yi nisa da inda aka ce bakin ruwa zai tsaya. Saboda haka idonsa yana kan azara. Da ita zai ƙara ɗakuna na ƙasa a bayan na siminti, kuma a gado rabonsa ya ninka nawa. Ba zan zalunce shi a rubutu ba, yana da gaskiyarsa. Kowa a ƙauyen abin da yake yi ke nan. Tun kaka aka fara yaye jinka, ana ciccire ƙofofi da turaku, gida bayan gida yana komawa kango, awaki suna shiga ɗakunan amare suna kwanciya.

Ni kuma sai na jiƙa makuba.

Na aika ƙauye da tsibiri cewa ranar kaza akwai daɓe a masauki, kamar kullum. Wasu matan suka ɗauka wasa ne. Wasu suka ce baƙin cikin mutuwar Baba ya taɓa ni. Yaya ya zo da kansa ya iske ni ina kankare ƙasa, ya tsaya a bakin ƙofa ya riƙe ƙugu.

"Wanga wane irin aiki na? Gidan da ruwa ka shirin ci, shi kinka kira mata su daɓe?"

Na ce, "Yaya, ruwa bai zo ba tukuna. Ran da yaz zo, shi iske gida, ba kango ba."

Muka yi ta ja-in-ja har rana ta yi tsaka. Na ce baƙin ruwa ɗaya ya rage mana a duniya, kuma baƙin Baba za su zo su yi bankwana da gurbin, ba zan tarbe su a ɗakin da ba rufi ba. Daga ƙarshe ya yarda, a kan sharaɗi: da zarar baƙin ruwa ya janye, zai zo da mota da ma'aikata a sauke soron kafin damina. Na ce na yarda. Na yi masa alkawari da bakina, wannan ma ban taɓa musun sa ba.

Matan ƙauyenmu kaɗan suka zo, suna ta haɗa kaya. Matan tsibiri ne suka cika jirage suka tsallako. Ban taɓa jin daɓe irin na ran nan ba. Ba su zagi mazansu ba a waƙar, masu dam suka zaga, da ruwan, da sabon garin da aka ce ba a ganin kogi daga cikinsa. Suna bugun ƙasa kamar ita ta yi musu laifi. Wata tsohuwa tana buga madaɓi tana kuka, ba ta fasa amshi ba. Da yamma ƙasa ta fito ja wur, ba tsaga ko ɗaya, ta fi duk wanda Inna ta taɓa yi, Allah Ya jiƙanta.

Na wanke gidajen sauro, na shanya katifu, na sayi man gyaɗa da gishiri. Baƙin ruwa ya iso a kan lokacinsa, garau. Giwan ruwa suna juyi a gurbin, daga rumfa kana jin bugun jelarsu. Kawu yana zuwa kullum da safe ya ɗaure jirginsa ya zauna.

Ba wanda ya zo. Ko mutum ɗaya.

Daga baya na ji an baza a Kaduna da Sakkwato cewa an riga an tashi ƙauyukan gaɓa, hanya ta mutu. Wataƙila haka ne. Wataƙila kuma ba sa son ganin abin da ido, mai fatsa ba ya son wurin makoki. Ni dai kullum sai na share ɗakuna, in ji ƙarar mota a babbar hanya in tsaya da tsintsiya a hannu har ƙarar ta wuce. Na ji haushi, na ji kunya, kuma kunyar ta fi ciwo. Matan da ke wucewa da kaya a ka sukan leƙo su ce, uwar masauki, yaya baƙi? In ce suna gaishe ku. In na shiga ɗaki in zagi alƙalin nan da likitan nan da mai barkono a kwalba, ɗaya bayan ɗaya, da duk tuwon da suka ci a gidan nan.

Ruwa ya janye, zafi ya shigo. Na aika wa Yaya cewa ya zo ya ɗauki abinsa. Ya ce sai ya sami mota, don duk motocin ƙasar suna jigilar masu tashi. Wannan jinkirin nasa ne, ba nawa ba, a rubuta.

Mutanen tsibiri su suka fi kowa jinkirin tashi, saboda albasa. Ba mai barin albasarsa a ƙasa, sai ta ƙosa an cire, an shanya ta sha iska. Kafin su gama, hadari ya fara haɗuwa a gabas. Sannan suka fara tsallakowa, kuma mashigarmu ce kaɗai mota ke iya gangarowa kusa da ita. Jirgi bayan jirgi, da awaki a ɗaure, da duwatsun niƙa, da tukwane, da kaji a cikin akurki, da buhunan albasa da dawa. Aka jibge su a gaɓa suna jiran motar da za ta kai su sabon gari. Motar in ta zo yau ta ɗebi gida biyu, sai a yi kwanaki ba a gan ta ba.

Ruwan farko ya sauka da la'asar. Ina tsaye a ƙofar soro na ga mata suna kifa ƙwarya a kan jarirai, maza suna tuɓe riguna suna rufe buhuna. Albasa in ta jiƙe ta gama, kuma ita ce abincinsu na shekarar da ba su san gonar da za su noma ba. A bayana ga ɗakuna a share, da gado da katifa, ba kowa. Kawu yana rumfa ya takure, ruwa na feso masa. Shi da ya yi shekara da shekaru yana kawo wa gidan nan baƙi tun kafin a yi soron, ko a ransa bai kawo ya ce a buɗe musu ba, ni ma sai da na tsaya kallo na ɗan lokaci kafin abin ya faɗo mini. Na tsinci kaina ina ƙwala musu kira ina faɗa, wai me suke jira, sai an aiko musu da goron gayyata?

Suka tsaya a bakin ƙofa suna goge ƙafa, matan da da hannunsu suka daɓe ƙasar. Sai da na ja wata da ƙarfi sannan sauran suka biyo. Muka jera albasa a ɗaki biyu, a kan daɓe, busasshe ƙamas. Mata da yara suka cika sauran. Kawu kuwa, na kai shi ɗakin ƙarshe, mai gadon ƙarfe, inda manyan baƙi ke sauka. Da safe na iske shi a ƙasa a kan tabarma. Ya ce gadon yana lotsawa kamar jirgi mai yoyo, bai ga abin da Turawa suka gani a cikinsa ba, amma ƙasar ta yi.

Daga ranar gidan bai sake zama ba kowa ba. Waɗansu su tafi, waɗansu su tsallako. Samari suka ciro sandunan fatsa da baƙi suka bari a zaure, suna dariya suna kwaikwayon alƙali, amma sun kamo, kuma komai ya shiga tukunya ɗaya yadda Baba ya ce. Ban taɓa ciyar da mutane da yawa haka ba, ban kuma taɓa jin gidan ya yi daidai da girmansa ba sai lokacin.

Ana cikin haka Yaya ya iso da mota da majiya ƙarfi, da gatura da diga. Ya sauko ya ga hayaƙi na tashi, yara na wasa a rumfa, zannuwa a shanye a kan katanga. Ya kira ni gefe, fuskarsa a murtuke.

"Kin yi man alkawali."

"Na yi, Yaya. Amma akwai baƙi ciki."

"Waɗanga ba baƙi na ba, masu jiran mota na. An gina musu gidaje. Baƙon Baba mai fatsa na. Kin bari sun shigo da tukwanen tsahinsu har ɗakin da Baba ka salla."

Gaskiya ne, akwai tsofaffin da suka zo da wasu tukwane a naɗe da tsumma, suka ajiye a lungu, ban tambaye su ba. Na ce masa, "Turawa da kwalabensu sunka kwana ɗakunan ga, kai ka kwashe kwalaben kana saidawa Yelwa, ban ji ka yi wa'azi ba. Baba bai taɓa tambayar baƙo ran da za shi tahi ba. Ni ba ni farawa."

Ya ce motar haya ce, ba zai sake samun ta ba. Ya ce in damina ta zauna ƙoramar da ke tsakaninmu da babbar hanya za ta cika, shi ke nan. Ya ce 'ya'yansa a cunkushe suke kamar kifi a kwando. Duk gaskiya ne, kuma na san gaskiya ne a lokacin da yake faɗa. Ya roƙe ni ko rabin soron a sauke, a matsa mutane a sauran. Na dubi sama, hadari ya yi baƙi, ga wasu jirage biyu sun taso daga tsibiri. Na ce a'a. Na je na zauna a dokin ƙofar zaure na miƙe ƙafa, na ce duk wanda zai hau soron nan sai ya tsallake ni. Majiya ƙarfin suka dubi juna. Ba wanda zai tsallake ƙanwar mai gida a gaban jama'a, kuma shi ma ba zai ce a yi ba.

Kawu ya fito ya ce su za su koma rumfa, kada 'yan'uwa su ɓata saboda su. Na ce ya koma ciki, ba da shi ake magana ba. Yaya ya juya. Sannan ya dubi motar da ya biya, ya dubi mutanen, ya ce wa direba ya loda mata masu goyo da albasarsu ya kai su sabon gari, tun da dai an zo. Ya shiga gaba ya zauna, bai yi mini sallama ba. Wannan ma a rubuta masa, motarsa ba ta koma wofi ba.

Abin da ya faɗa shi ya faru. Ƙorama ta cika, hanya ta yanke. Aka rufe dam, farin ruwa ya zo bai wuce ba, ya tsaya yana hawa. Ba da gudu ya zo ba. Kullum da safe sai ka ga ya ci wani abu, yau duwatsun gurbi, gobe mashiga, jibi gindin tsamiya. Mutanen ƙarshe da jirage suka tafi, suna bin gaɓa. Lokacin da gidan ya zama ba kowa, ba mazan da za su sauke soro, ba hanyar da za a bi da azara, ƙasan katanga kuma ya jiƙe har ba mai hankalin da zai hau. Na share ɗakunan, na ja ƙofofi. Kawu ya kawo jirginsa har bakin zaure, na shiga da tukunyar gida da ƙullin kayana. Ban ga faɗuwarsa ba. Masunta suka ce ya yi kwanaki a tsaye cikin ruwa kafin ya zauna.

A sabon gari Yaya ya ba ni ɗaki kamar yadda ya ce, bai taɓa hana ni abinci ba, bai taɓa bari wani ya taɓa ni ba. Amma ɗakunan da ya ƙara da itacen banza ya rufa su, gara ta cinye, ya sake, ta sake cinyewa. Duk lokacin da rufi ya zubo sai ya tsaya a tsakar gida ya ce a je a tambayi wadda ta ciyar da kifi. Ni kuma in ce kifin sun gode. Haka muka tsufa, gida ɗaya, muna gaisawa, muna zuwa suna da jana'iza tare, maganar tana nan a tsakaninmu ba ta tsufa ba. Dattawa sun sa baki ba sau ɗaya ba. Suka ce kalma ɗaya ce, ki ce ya yafe miki, ke ce ƙarama. Na ce wanda ya ce a yafe masa ya yarda ke nan cewa da za a sake ba zai yi ba, ni kuwa da za a sake sai na zauna a ƙofar nan.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, matarsa ta zo ta same ni ta ce in shiga, ana neman gafara. Na shiga na zauna a gefen tabarma. Ya rame har na ga fuskar Baba a tasa. Na riƙe hannunsa na roƙe shi gafarar bakina, da rashin kunyar da na yi masa tun muna yara, da duk ranar da na sa shi jin kunya a gaban mutane. Na yi kuka, don ina son sa, ba ni da kowa da ya rage wanda ya san ni tun ina rarrafe. Shi ma ya roƙe ni, na yafe. Sannan ya buɗe ido.

"Na yahe miki duka," ya ce. "Ban da azara."

"Ita ban roƙe ka ba, Yaya."

Matarsa ta yi salati. Shi kuwa bai saki hannuna ba, sai ma ya ƙara matsewa da ɗan ƙarfin da ya rage masa, haka muka zauna har aka kira la'asar. Bai ƙara mako ba.

Malamai sun gaya mini haƙƙin ɗan'uwa ba ya faɗuwa, za a tsayar da mu a kansa. Na sani. In an kira ƙarar zan tashi in amsa, ba zan ce ban yi ba, kuma in an ce in biya daga ladana zan biya har ya ce ya isa. Amma ko a can ba zan ce na yi kuskure ba.